Kuben azurfar kilen Hadiza

Shekara goma ke nan da muka kai ɗiyata Hadiza makwancinta. Ni ne uban, maƙerin azurfa, wanda ya gudu daga lakwal, makarantar boko, tun aji biyu. Ita kuwa ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa, take ba umarni.

A shekarar farin nan da sojoji suka karɓi mulki, an sa ta tsara yadda za a raba dusa ga makiyayan Ingall. Ba ita ta rubuta komai daga tushe ba. Akwai wani aiki da wasu suka riga suka yi, tana ce masa bibliyotek, aka kawo mata shi daga Yamai cikin kile, ɗan abin nan da ake cusa wa ordinater, don rezon intanet ba ya ɗaukar kaya. Kwana biyu ta yi tana nuna wa na'urar inda yake. Daga nan sai ta buga harafi biyu, na'ura ta jero mata sauran umarnin, ta zaɓa.

Ni abin da na gani shi ne kile duk ya kwarzane. Da safe ta fita, na zare shi daga ordinater ɗinta, na tafi maƙera in yi masa kube. Gyaran gangar Abzinawa!

Ashe ranar ce kamiyon dusa, manyan motocin, za su tashi bayan azahar, da takardar rabo ko babu ita. In babu, rugagen nesa ba za su samu ko tiya ɗaya ba, shanunsu kuma sun fara kwanciya. Na iso biro, ofishinta, na tarar da kapitan na soja mai jiran takardar tsaye yana duban agogo, Hadiza tana buga harafi, na'ura ta yi gum. Babu kile, babu jeri, sunayen umarnin kuwa sun fi ƙarfin hadda. Gumi har ya jiƙe mata gyale.

Na tsaya bakin ƙofa, kile cikin aljihuna. In na yi magana, ga soja. In na yi shiru, ga shanu.

Na ajiye shi a gabanta.

"Baba, ka kai shi kusa da wuta?"

"Kusa kaɗan."

Ta cusa shi. Ban san numfashi yana tsayawa mutum bai mutu ba sai ranar. Ta kwashe bibliyotek ɗin ta zuba cikin ordinater, ta sake nuna wa na'urar hanya. Harafi biyu, sai ga jerin ya faɗo. Kapitan ya karɓi takarda ya fita, bai ko dube ni ba.

Yau ga sojoji kuma, ga sama tana rowa. An ce yanzu na'ura tana rubuta shafi guda da kanta. Da tana nan, na san abin da za ta fara tambaya: wa ya nuna mata hanya, wa kuma ya duba?

Matan da ta koya wa aikin har yau ba sa barin bibliyotek cikin kile, kuma sun san saboda wa. Kuben yana wurina, babu komai ciki. Masu saye sun taya, na ce ba a gama shi ba.