Ƙafar da ta daina kama igiya

Assalamu alaikum. Da yawanku kun san ni da sanda, kun kuma sha tambayata abin da ya sami ƙafata, ina kawar da zancen. Yau tsufa ya sa zan faɗa.

A unguwar Mandawari aka haife ni, gidan masaƙa. Masaƙi da babban yatsan ƙafa yake kama igiyar masaƙa, yana ja yana saki, hannu na jefa ƙoshiya. Kafin a ba mu mulkin kai, ina ɗan saurayi, har Baba ya fara bar mini masaƙarsa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, wuya ya sanƙare, baya na ciwo. Da ya sauka na yunƙura zan tashi, ƙafar dama ta lanƙwashe kamar tsumma.

Iya ta ce shan inna ne. An yi rubutu, an yi turare, wanzami ya yi tsaga. Ƙafa sai ƙara sirancewa take.

Daga ƙarshe Baba ya ɗora ni a jaki zuwa asibiti, duk da maƙwabta na cewa yanke ta za a yi. Tsoron nan ya hana ni cin abinci.

Likitan Bature ne, da tafinta. Ya soka mini allura a tafin ƙafa, na ji zafi sarai. Ya ce in motsa yatsa. Na yi ta ƙoƙari har gumi ya karyo mini, yatsa bai ko girgiza ba.

Baba ya ce tunda ina jin zafi ai ƙafar da rai. Likitan yana da wani biri ɗaure a gindin bishiyar asibitin, sai ya sa aka fitar da mu wurinsa. Ya miƙa masa kara, birin ya damƙe da ƙafa. Ya nuna mana tudun naman da ke gindin babban yatsan ƙafar birin, ya bi da ɗan yatsansa ta bayan idon sawu, ya ce nan jijiya ke saukowa daga gadon baya ta rarrabu a tafi. Ya ce mu ma haka muke. Jijiya mai kawo jin zafi daban, mai umartar nama ya motsa daban.

Tafinta ya ce, "Malam, mai umarnin ce ta mutu. Ba ta dawowa."

Baba ya dubi ƙafata. Ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Na yi watanni ana gasa ƙafar da ruwan zafi, ana miƙe ta ina kuka. Na tashi dai, da takalmin ƙarfe da sanda. Da na koma gida na zauna a masaƙa sau ɗaya, igiyar ta yi ta zamewa. Baba ya tashi ya fita. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, saƙa ta ƙare a gidanmu ke nan.

Ɗinkin hula na koya, da shi na ci abinci. Ba zan ce muku na warke ba. Na rayu ne kawai, kuma na gode wa Allah, na gode wa Iya da ta goye ni ina ƙato.

In yaro ya yi zazzaɓi ƙafarsa ta saki, ku kai shi asibiti ranar. In masu ɗigon rigakafi sun yi sallama, ku fito musu da yaranku. A zamaninmu babu mai ƙwanƙwasa ƙofa.