Kujerar Gwaggo a Tsohuwar Bas

Bas ɗin ta yayana ce, ni tuƙi kawai nake yi. Ta tsufa har ƙofar gefe da igiya muke ɗaure ta, amma tana kai mu Rogo daga Ƙaraye ta dawo da mu, in ta ga dama.

Ciwonta famfon mai ne. Lafiyayyen famfo, da ka murɗa makulli za ka ji ɗan ƙuginsa daga wajen tanki, ka san mai ya taho. Namu yau ya yi ƙugi, gobe ya yi gum kamar an ɓata masa rai. Mun canza fiyus har mun gaji. Mun sa sabon famfo, kwana biyu ya koyi halin tsohon. Wani mai wayarin ya zazzage mana wayoyin gaba kaf, ya mayar, ya share gumi ya ce batir ne. Ba batir ba ne.

Akwai gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu. Tun da mijinta ya rasu take riƙe kanta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a kasuwar Rogo take da masu saye. Mace ce mai jiki, tubarkalla. Yaya ba ya son ɗaukarta: ta cinye wurin mutum biyu, jarkokinta suna ɗiga a kujera, ga shi ba a karɓar kuɗin mota a hannun uwa. Sai ya riƙa cewa mu fice da wuri kafin ta kimtsa. Ranar da muka tsere mata, kasuwa ta wuce ta ke nan. Abin yana ci mini rai, amma motar ba tawa ba ce.

Wata safiya famfo ya ƙi, muna ta fama har Gwaggo ta cim mana. Ta shiga, ta yi bisimilla, ta zauna a kujerar baya ta saman tanki. Na murɗa makulli don kawai in fita hakki, sai ga ƙugi. Mako na gaba ma haka aka yi. A na uku fasinjoji ne da kansu suka ce, "Ku daina wahalar da mu, a je a taho da Hajiya."

Zance ya bazu har Kwanyawa, wai tsohuwar tana da albarka. Yaya, wanda da yake laɓe mata, shi ne yanzu yake durƙusawa a ƙofar ɗakinta. "Gwaggo, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Kawo jarkokin in kai miki." Ita kuwa sai ta ja aji, ta ce bari ta gama shan koko.

Ran nan ina wankin mota, na ɗaga ledar ƙasa don in goge man da ya zuba. Sai na ga wata baƙar waya ta fito daga wajen famfo, an ɗaure ta a kusar da ta riƙe ƙafar kujerar Gwaggo. Ita ce wayar da dole ta taɓa ƙarfen mota kafin wuta ta zagaya. Kusar ta yi tsatsa, ta kuma saki. Na bar makulli a buɗe na hau kujerar, shiru, don ni ba ni da nauyin kirki. Na ciccibo buhun masara na ɗora, na haye samansa. Famfo ya ɗauka. Na yi dariya har na zame ƙasa. Na kankare tsatsar, na ɗaure kusar tam da sifana, mota ta tashi bugu ɗaya ba kowa a ciki.

A nan dariyar ta tsaya mini. Na san yayana. Da ya ji an gyara, gobe za mu koma fita da wuri.

Na sayo ɗan makunni ƙarami, na yanke wayar famfo na haɗa da shi, na ɓoye shi ƙarƙashin sitiyari inda gwiwata ke rufewa. Duk ranar kasuwa sai in kashe, in yi ta murɗa makulli ina tsaki, Yaya yana salati. Gwaggo na zama in danna. Sauran ranaku nakan bar motar ta tashi, amma nakan ɗan ja wa Yaya rai, kada ya manta.

Mun fi shekara a haka. Wata rana a Rogo ina sauke mata jarkoki, ta riƙo hannun rigata, ta waiga ta ga Yaya ya yi nisa.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, "abin nan da kake taɓawa da hannun hagu."

Na ce, "Wane abu, Gwaggo?"

"Ka riƙa bari in gama zama tukuna. Yau ka riga ni, ƙafata ɗaya tana waje." Ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu. "Allah ya yi maka albarka. Kada ka tona mana asiri."