Yis ɗin Yaya Barira

Yayata Barira tun tana amarya a garin Fulatan take suyar fanke. Da shi ta ciyar da marayu huɗu bayan rasuwar mijinta, da shi ta kai 'yarta Sadiƙa makarantar koyon aikin lafiya. Ranar kasuwar Rogo kuwa, kafin hantsi kwandonta ya ƙare ƙaf.

Sai hannuwanta suka fara ba ta wahala. Yatsu suka kumbura, gaɓɓai suka sandare. Aikin fanke kuma duk na hannu ne: ki buga ƙullu, ki ɗebo, ki matse shi cikin mai. Ta sha saiwa, ta sha ƙwayoyi, mun shafa mata man kaɗanya har na gaji da warinsa.

Da Sadiƙa ta zo hutu, ta ce, "Inna, na karanta cewa masu bincike suna gwada wani sinadari da ake cirowa daga yis, wai yana ɗan rage kumburi. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, ba a tabbatar ba tukuna."

Wallahi duk bayanin nan "yis" kawai Yaya ta ji. Yarinya na komawa makaranta, ta fara raba yis ɗin fankenta biyu, rabi a ƙullu, rabi a kokonta na safe.

Na ce, "Haba Yaya! Na gwaji daban, na ƙullu daban. Sai kin ja wa kanki ciwon ciki?"

Ta ce, "Jamilatu, ke dai baki gare ki. Abin da ke cikin ɗakina zan tsaya jiran masu bincike?"

Ciki ya yi ta ƙugi, hannu yana nan yadda yake. Ƙullu kuma ya ƙi tashi, fanke ya riƙa fitowa da tauri kamar ƙanzo. Masu saye suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dishe, daga baya na bari, don tausayinta ya fi ƙarfina.

Makon jiya ta mayar da yis ɗin duka cikin ƙullu, ya tashi lafiya lau. Mai ya yi zafi, ta ɗebo, yatsun suka ƙi naɗewa. Ƙullun ya zame ya faɗi a toka. Ta sake, ya sake faɗuwa.

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ja kujerarta gefe ta ce, "Zo ki soya, Jamilatu. In kin gama, ki tafi da kaskon gidanki."