Takardar da Baffa Ya Ninke

Shekara uku ke nan da muka binne mahaifina, Malam Idi, a Korahane, kuma har yau raina bai huce ba. Masu ba ni haƙuri sun gaji, ni ban gaji ba.

Baba ya daɗe yana fama da fitsari bai gaya wa kowa ba, don ni 'yarsa ke kula da shi, kunya ta hana. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Sai da ya faɗi a gona muka kai shi Maraɗi, aka tura mu Yamai. Likita ya ce ciwon daji ne a ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, amma bai yaɗu ba. Za a gasa wurin da hasken na'ura, kuma binciken da aka yi a kan marasa lafiya ya nuna ana iya taƙaita kwanakin gashin. Baba zai dawo kafin noman farko.

Baffa Sale, yayansa, shi ke yanke magana a gidanmu. Ya karɓi takardar asibitin ya ninke, ya sa aljihu.

"Ba a gwaji da ƙanena kamar akuya," in ji shi. "A bari a yi girbi, ga jiƙo ga ƙaho."

Na buɗe baki, ya ce, "Ke ɗiya mace, mi kika sani ga ciwon maza?"

Baba ya sunkuyar da kai, don a wurinmu ƙane ba ya tsallake maganar wa, ko da furfura. Kafin hatsi ya shiga rumbu, ciwo ya shiga ƙashi.

Bana ciwon nan ya kama Baffa. Wanzami ba ya son jarfa! Ana tsakiyar shuka ya bar gonarsa, ya yi Yamai. Da Baba na nan, na sani shi zai ɗaukar masa jaka har tashar Dakoro, ba zai ce uffan ba. Biyayyar Baba ce abin da ake yabo har yau, ni kuwa ita na fi tsana, don ita ta raba mu.

Jiya Baffa ya kawo mini takardarsa in duba masa ranar komawa asibiti. Na karanta masa tsaf, albarkacin Baba. Sannan na ninke ta, na miƙa masa.

"Baffa," na ce, "ko a bari a yi girbi?"