Kafaɗar Mma

A gidanmu na Maamobi babu murhun duwatsu irin na ƙauye. Kurfoti ne, murhun gawayi na ƙarfe, da sauran garwashin da ya rage bayan Mma, mahaifiyata, ta sauke tuwon sayarwa. Shi muke zagayewa bayan magariba, Kaka Azumi na zaune a kan 'yar kujerarta, man kaɗanya na narkewa a gwangwani. Ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannunta a sake ba. Kullum akwai wata kayayo, cikin 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Nima, kwance a tabarma tana jiran tausa.

Abin da ke ba ni haushi a lokacin, yarinya za ta ce bayan kafaɗarta ke ciwo, sai Kaka ta mirgina ta, ta dasa babban yatsa a gaba, ƙasan ƙashin wuya.

"Wayyo Kaka, ba nan ba ne!"

"Na ji ki. Kwanta, 'yar nan, kin cika baki kamar yaron motar trotro."

Daga nan sai ta juyo gare mu: "Ku buɗe kunne, ba na maimaitawa." Wai wani mutum ne ya kafa rumfa da igiya biyu, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ruwan sama ya doki ta gabas ta ƙanƙance, tana jan sanda a hankali, ba ta cewa uffan. Ta yamma kuwa ta miƙe har tana kuka. Kullum mutumin ya shafa wa mai kukan mai, ya lallashe ta, bai taɓa leƙa ɗayar ba. Ranar da mai kukan ta tsinke, rumfar a kansa ta faɗo. "Shi ke nan," in ji Kaka, "wanda bai gane ba ya je ya kwanta."

Ina aji biyu a sakandare Kaka ta kama hannuna. "Rabi, taɓa nan ki ji yadda jijiyar ta ɗaure." Na fizge. Na ce ina da jarrabawa, kuma mu a makaranta har sunayen tsoka mun zana, wannan duk canfi ne. Ta goge yatsunta a zane. Ba ta ƙara nema na ba har ta rasu.

Mma ta fi shekara ashirin tana tuƙa tuwo da hannun dama. Bara kafaɗar ta fara damunta. Inda ta nuna, bayan kafaɗar, nan na riƙa murza mata man zafi, na sayo ƙwayoyi a kemis, wata da watanni. Wata safiya muciya ta suɓuce daga hannunta, hannun kuma ya ƙi ɗaguwa.

A asibiti, mai gashin ƙashi ta kwantar da ita, ta danna gaba, ƙasan ƙashin wuya. Ta ce tsokar gaban ce ta ɗaure ta janyo kafaɗar, ta bayan ta yi ta wahala har ta yage. "Da an sassauta ta da wuri..."

"Ya isa," na ce mata. "Na san sauran."

Labarin na riƙe shi tsaf, kalma ba ta ɓace mini ba. Amma me zan yi da labari? Abin da ke da amfani a yatsun Kaka yake, kuma an binne su da ita.

Yanzu wata maƙwabciya ce ke sayar da tuwo a gurbin Mma. Da yamma Mma takan ce, "Rabi, zo ki ɗan taɓa mini." In lalluba, in lalluba, ban jin komai sai fata da ƙashi. Ta daure na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya yi albarka, na ji sauƙi." Sai ta jira na juya baya, ta sa hannun hagu ta ɗaga na daman don ta ɗaura ɗankwali.