Maiƙon Fuskata Da Man Shanun Inna

A shekarun da wannan abu ya same ni, ni ƙaramar matar aure ce a birnin Tawa, ina goyon ɗiyata ta fari. A Affala aka haife ni, na zo birni wurin gwaggona na yi kolej, daga nan aka yi mani aure da wani bawan Allah mai saye da sayarwa a kasuwar dabbobi. Ban da ibadata, abu biyu nake taƙama da su a zuciyata, Allah Ya yafe mani: tsafta da iya girki. A dangin mijina, in ana suna ko biki, ni ake miƙa wa muciya, ni ke haɗa miya. Yarinyar da ta zo daga ƙauye, ba ta da kowa a unguwa, wannan muciyar ita ce matsayinta, kuma na riƙe ta da hannu biyu.

Tun ina budurwa fuskata na maiƙo, amma bayan haihuwa abin ya ƙaru. In na wanke da safe, kafin hantsi goshi da hanci sun fara sheƙi. Bakin hijabina ya riƙa yin baƙi da naso, hoda kuwa in na shafa sai ta dunƙule a gefen hanci. Ga wasu ƙananan ƙuraje da suka jeru a goshina, daidai bakin gashi. Ban ɗauke shi komai ba sai ranar sunan ɗan wan mijina, cikin tsakiyar bazara. Ina tsaye bakin murhu ina tuƙi, mata sun kewaye, sai ƙanwar mijina, wadda muke wasa da ita kamar yadda aka saba tsakanin matar yaya da ƙannen miji, ta ɗaga murya ta ce in mai ya ƙare kada a wahalar da kowa zuwa kasuwa, a kawo ludayi a kankare goshin matar yaya, zai isa miya har a rage na suya. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don wasan dangin miji ba a fushi da shi. Jim kaɗan sai yayar mijina, babbarsu, ta matso ta dube ni, ta zare muciyar daga hannuna a hankali, ta ce amarya je ki inuwa ki huta, kin sha wuta. Daga baya wata ta tsegunta mani abin da ta faɗa a bayana: wai baƙi na kallo, kada a je ana cewa naso ya ɗiga a tuwon gidansu.

Daga wannan rana ba a sake ba ni muciya ba. In an taru, nawa yankan albasa ne a bayan ɗaki, ko wanke-wanke. Ba wanda ya fito ya kira ni ƙazama, kuma wannan ya fi ci mani rai, don da an faɗa da na samu abin amsawa. Na kai kuka wurin maigida, ya ce wasa ne na mata, shi bai ga abin da ya samu fuskata ba, in bar zancen. Ya faɗa da zuciya ɗaya, amma na kwana da takaici, don shi ba a taɓa karɓe masa komai daga hannu a gaban jama'a ba.

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa maiƙon nan dauɗa ce, dauɗa kuma wanki take so. Na ɗauki sabulun wankin kaya, mai ƙarfin nan, na ajiye kusa da buta. Kafin kowace alwala sai na dirje fuska da shi da soso har ta yi ƙara ƙarƙashin yatsa. Takan bushe ta ɗaure na ɗan lokaci, in ji daɗi, kafin in gama shara maiƙon ya dawo fiye da dā. Na ce to wankin ne bai isa ba, na ƙara. Maƙwabciyata ta ce lemun tsami da toka, na yi. Wata tsohuwa ta ce ruwan kanwa, na yi. Wata ta ce man goge baki a kan ƙurajen, shi ma na yi. Kowace mace da ta dube ni tana da magani a bakinta, kuma babu wadda ta taɓa tambaya ta yaya na kwana da wanda ta faɗa jiya.

Ana haka aka sa ni a wani zauren mata na waya, inda wata ke tallar haɗin gyaran fuska. An kawo mani shi cikin ɗan gwangwani marar suna, marar rubutu. Ni da na zauna a aji, na san ba a shafa abin da ba a san cikinsa ba, amma wanda ya matsu ba ya tuna karatu. Da farko kamar an yi mani gata: ƙurajen suka kwanta, fuska ta yi sumul, ta yi haske. Ƙanwar mijina ta ce matar yaya ta koma balarabiya, a nemo mata tafinta. Amma muciya ba ta dawo ba, don sheƙin yana nan. Da tafiya ta yi nisa sai fatar ta yi laushi fiye da kima, ƴan jijiyoyi jajaye suka fito a kumatu, in na fita rana kamar an watsa mani barkono. Saman kumatuna ya fara duhu. In na daina shafawa, ƙuraje su taso gaba ɗaya da ƙaiƙayi, in koma da gudu.

Duk wannan lokaci akwai abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Innata, mahaifiyata, ba ta da abin duniya, amma tana da shanu kaɗan, kuma duk wanda zai shigo Tawa daga Affala sai ta ba shi saƙo: ɗan kwano na man shanu da ƴan fallayen cuku. A wurinmu mace ba ta barin kanta a bushe. In na yi kitso sai in lafta man nan tun daga gaban goshi har ƙeya, in ɗaura ɗankwali, in ɗora hijabi, sannan in je in tsaya bakin wuta cikin zafin ƙasarmu ta Adar. Ƙamshinsa kan tuna mani ɗakin Inna, shi ya sa ranar da zuciyata ta fi ɓaci, ranar nake ƙara yawansa.

Abin da ya tsayar da ni sallah ce. Ruwan alwala ya koma yi mani zafi har ina jinkirta ɗaukar buta. Wata la'asar na sa goshi a tabarma, na ji kamar an ɗora shi a kan garwashi, na ɗago da sauri tun ban gama tasbihi ba. Da na sallame na ga inda goshina ya taɓa ya jiƙe da ruwa-ruwa mai haɗe da jini. Na zauna ina kallon wurin. Ni da na fara duk wannan don a ce ina da tsafta, yau ga ni ina gudun alwala, ina gaggauta sujada. Da maigida ya dawo ban yi masa kuka ba, na buɗe fuskar kawai na ce ya kai ni likita. Wannan karon bai ce wasa ba ne.

Likitar da muka samu mace ce dattijuwa. Ta sa na cire hijabi da ɗankwali, ta shafa bakin gashina, ta shinshina yatsunta, ta tambaye ni ko man shanu ne. Na ce na Innata ne. Ta karɓi gwangwanin haɗin ta juya shi, ta girgiza kai, ta ce ƴata, irin wannan yakan zo da magani mai ƙarfi wanda likita kaɗai ke bayarwa na ɗan lokaci, shi ya cinye mani fata. Sannan ta zaunar da ni ta yi mani bayanin da na so a ce na ji tun ranar sunan nan. Ta ce maiƙo ba dauɗa ba ne. Fata da kanta take fitar da shi ta ƙananan ƙofofi don ta kare kanta, sai dai na wasu ya fi na wasu yawa. Akan gaje shi, zafi na ƙara shi, haka canjin jiki lokacin balaga da al'ada da ciki da goyo, har damuwa ma tana da hannu. Dirza da sabulu mai ƙarfi ba ya kashe shi, fatar kawai yake fusatawa. Man shanun kuwa ba shi ya haifar da maiƙon ba, amma zafi na narkar da shi ya gangaro goshi ya toshe ƙofofin, shi ya sa ƙurajen suka bi bakin gashi.

Abin da ta ɗora ni a kai ya ba ni haushi don sauƙinsa. Sabulu mai laushi safe da yamma, da tafin hannu, ba soso. Alwala da ruwa zalla, in dafa fuska da tsumma mai tsabta ba tare da gogewa ba. Mai marar nauyi da ta rubuta mani daga farmasi, don ta ce fata mai maiƙo ma tana son danshi. In sheƙi ya taso da rana, in danna hankici in ɗauke. In riƙa canza hijabi da rigar matashi, in guji rana, in cire hannuna daga ƙuraje, man kitso kuma kada ya kusanci goshi. Haɗin nan ta hana ni yanke shi rana ɗaya, ta tsara mani yadda zan janye a hankali, ta kuma gargaɗe ni cewa fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru. Haka aka yi. Na yi watanni ina rufe fuska, biki ya wuce ban je ba. Da yayar mijina ta zo duba ni, ta tsaya bakin ƙofa ta ce ai matan yanzu ba sa jin magana, son fari ya kashe su. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwa. Babba ce, kuma ko na faɗa mata mafarin abin ba za ta tuna ranar da ta karɓe muciya ba.

Lokacin kaka na je Affala. Abin da nake tsoro shi ne gaya wa Inna zancen man, don na san yadda take tara shi kaɗan-kaɗan saboda ni. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. A kan man ta ce ba komai, in zuba a miya, ciki ma nawa ne. Sai ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta goge goshinta da babban yatsa ta nuna mani. Yana sheƙi. Ta ce haka na uwarta yake, haka nata, kuma ta yi wa masu gayya tuwo tun kafin a haife ni, ba wanda ya taɓa ture kwanonta. Ta shafa tabon kumatuna ta ce ashe fuskarta ce na ga ba ta yi mani ba har na ƙona. Sannan ta koma ga damun furarta. Duk zafin da na sha bai kai na wannan maganar ba.

Da wani suna ya zagayo, ban jira a miƙa mani ba. Na ɗaura ɗankwali mai tsabta, na soke hankici a ƙugu, na je na ɗauki muciya. Yayar mijina ta dube ni, na gaishe ta da ladabi, na ci gaba da tuƙi. Ƙanwar mijina ta ce a kawo ludayin nan, na ce ta zo da kwanonta, amma ta bi layi, yayanta ne a gaba. Aka yi dariya, tuwo ya ƙare tas. Maiƙon yana nan har gobe, sai dai ya lafa, ƙurajen sun tafi. Tabon kumatun ne ya ƙi tafiya duka, kullum ina ganin sa a madubi, kuma har yanzu in na tuna cewa sabulu mai laushi da hankici sun ishe ni tun farko, sai takaici ya taso mani.

Ƴan'uwana mata, na rubuto ne don wata na can yanzu da soso a hannu. Fuska mai maiƙo ba fuskar ƙazama ba ce, halitta ce, kulawa take so a hankali. Kada ki shafa abin da ba shi da suna, kada ki zuba toka da kanwa inda kike sujada da shi, in abin ya dame ki je likita tun fatar na da sauran ƙarfi. Ku kuma masu wasa da masu gyara a taro, ku san cewa wadda ta yi dariya tare da ku tana iya komawa gida ta ƙona kanta. Ɗiyar da nake goyo a lokacin ta fara girma, kwanan nan na ga goshinta ya soma sheƙi, na kuma tarar da ita tsugune kusa da sabulun wanki. Na karɓe shi daga hannunta, na kai ta bakin ƙofa inda haske yake, na goge goshina da yatsa na nuna mata.