Kazar Inna da atamfar Hajiya

Ɗazu na ga kaza da ƙyalle ɗaure a fiffike, sai dariya ta ƙwace mini a tsakiyar titi.

A Dogarawa, lokacin ina ƙarama 'yar lakwal, Innarmu tana ɗinki da keken hannu. Kajin unguwa kuwa tare suke kiwo, shi ya sa kowa yake ɗaura wa nasa ƙyalle don shaida.

Ran nan Inna ta ce in ɗaura wa sabuwar kazarmu. Na ɗaga katifar Inna inda take ɓoye ragowar yadi, na zaɓo wanda ya fi kyau, na yaga.

Da la'asar sai ga Hajiya Rabi, matar mai mota, ta zo karɓar ɗinkinta na Salla. Ta ce, "Ba abin da ya rage a atamfar?"

Inna ta ce, "Ko na ɗaure yatsa, Hajiya."

Ba ta rufe baki ba kazar ta ratso tsakar gida, tana taƙama da atamfar Hajiya.

Hajiya ta bi ta da kallo, ta ce, "Ashe anko za mu yi da wagga ran Salla."

Kazar aka ba Hajiya ta ban haƙuri, ni kuma na sha tsumagiya.

Har yau Inna cewa take ni na tona ta. Ni ko na ce kaza ce. Ku raba mu!